Taruwar Lithiyam da Tsirowar Ƙaya a Cikin Batir

Batirin lithiyam irin na wayar salula yana da ɓangarori biyu, wato anod da katod, da kuma wani shamaki a tsakaninsu wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. A yayin caji, ayon na lithiyam kan taso daga katod, su ratsa ruwan sinadarin da ke ciki, su shige tsakanin shimfiɗun girafait na anod. Matsala kan auku ne idan suka iso da saurin da ya fi ƙarfin girafait, kamar a lokacin caji na gaggawa, ko cikin tsananin sanyi, ko in caji ya wuce ƙa'ida. A nan sai su karɓi ilektiron tun daga waje, su zama ƙarfe a saman anod.

Shi wannan ƙarfe ba ya kwanciya bai ɗaya. Duk inda ɗan tudu ya ɓullo, nan ayon masu zuwa suka fi saurin sauka, saboda haka tsinin ya riƙa tsawo yana rassa. Idan ya huda shamakin ya taɓo katod, sai wuta ta sami gajeriyar hanya, zafi ya tashi, lithiyam kuwa kan narke a wajen digiri 180. Wanda ya karye ya rabu da anod kuma ya daina aiki ke nan, batir ya rage riƙe caji.

A shekarar 1989 kamfanin Moli Energy na Kanada ya janye baturansa masu anod na zallar lithiyam bayan ɗaya ya kama wuta a wayar hannu a Japan. Batirin da Sony ya fitar a 1991 da kabon aka yi anod ɗinsa. Duk da haka masana ba su haƙura da zallar lithiyam ba, domin giram ɗaya nasa yana ɗaukar cajin da ya ninka na girafait kusan sau goma.

Dangane da manhaja, kalmar dendirait ta samo asali ne daga sunan itace a Girkanci, shi ya sa fassara ta da "reshe" take da sauƙi. Mu dai mun fi karkata ga "ƙayar lithiyam", domin sura kawai reshe ke nunawa, alhali abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne sukar. Sai dai ya wajaba malami ya fayyace cewa wannan ƙaya ƙarfe ce da ke taruwa, ba tsiro mai rai ba.