Ciwon bayan da hoton farko ba ya nunawa: abin da ya kamata ku sani

A Shadawanka, inda barikin Birged ta 33 ta sojojin atilare yake a Bauchi, ciwon baya ba baƙo ba ne. Matashi ya yi ƙorafi, sai a ce atisaye ne, ko ɗaukar kaya, ko yawan hawa babur. Galibi haka ne. Amma akwai wani ciwo da likitoci ke kira ankylosing spondylitis, wato kumburin da ke kama gaɓoɓin ƙashin baya har ya sandare, kuma a shekarun ƙuruciya yake farawa, yawanci kafin mutum ya kai 45.

Yadda ake gane shi

Ciwon wahala yana lafawa idan an huta. Wannan kuwa hutu ne ke tsananta shi. Yakan tashi mutum daga barci can cikin dare, da safe baya ya riƙe fiye da rabin sa'a, sai an motsa jiki ya saki. Idan haka ya wuce wata 3, musamman in akwai ciwon ɗuwawu, ciwon diddige ko jan ido mai zafi, lokacin ganin likita ya yi.

Hoton ƙashi

Da shi ake farawa, don ya fi araha kuma ya fi samuwa. Wurin da za a ɗauka shi ne muhimmi. Ciwon yana somawa ne a gaɓoɓi biyu da suka haɗa ƙarshen ƙashin baya da ƙashin ƙugu, don haka hoton tsakiyar baya kaɗai zai iya tsallake shi. Ƙa'idojin New York na gano ciwon, waɗanda aka gyara a 1984, sun dogara ne kan ganin zaizayewa ko haɗewar waɗannan gaɓoɓi. Matsalar ita ce hoton ƙashi ɓarnar da ta riga ta auku yake nunawa, kuma ɓarnar kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana. Idan ciwo ya yi nisa, ƙasusuwan baya sukan manne da juna su fito a hoto kamar sandar gora. Mai jiran wannan alama ya makara. Saboda haka, in an ce muku hoto ya fito lafiya lau alhali ciwo na nan, maganar ba ta ƙare ba.

Hoton MRI

Wannan na'ura da maganaɗisu take aiki, ba ta da irin hasken hoton ƙashi mai lahani idan ya yi yawa. Tana ganin kumburin da ke cikin ɓargo tun ƙashi bai lalace ba, shi ya sa ƙungiyar masana ta ASAS ta shigar da ita cikin ƙa'idojinta a 2009. Sai dai tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba.

Abu biyu sun shafi sojoji kai tsaye. Na farko, duk wanda ke da ɓurɓushin harsashi, ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jiki, dole ya faɗa kafin a shigar da shi. Na biyu, wahala ma tana barin irin wannan kumburi. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan kuratan sojojin Beljiyam ya same shi a jikin matasa masu ƙoshin lafiya. Ana ganin haka ga 'yan wasan motsa jiki da mata masu jego. Ke nan tabo a MRI shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Hoton CT

Ya fi kowanne fito da zaizayewar ƙashi dalla-dalla, amma haskensa ya fi na hoton ƙashi yawa. Babban amfaninsa ga wanda bayansa ya riga ya sandare ne, domin irin wannan baya yana karyewa ko da ƙaramar faɗuwa ce, kuma hoton ƙashi na iya rasa karayar. Shi kuwa sikanin irin na masu ciki, yana taimakawa wajen duba jijiyar diddige, amma ba ya isa cikin gaɓoɓin ƙugu.

Abin lura a ƙasarmu

Sinadarin HLA-B27 da ake gwadawa a jini, wanda ke fitowa a jikin mafi yawan Turawa masu wannan ciwo, ba kasafai ake samunsa a Afirka ta Yamma ba, don haka rashinsa ba ya kore ciwon. Haka nan tarin fuka na ƙashin baya, cutar da ake ɗauka daga nonon da ba a dafa ba, da amosanin jini, duk suna iya rikita hoto, kuma maganin kowanne daban. Shi ya sa likita ke haɗa hoto da labarin ciwo da gwajin kumburi a jini.

Abin yi

Ku fara daga asibitin da ke kusa, ku nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano idan likita ya ga dacewar haka. Ku tafi da tsofaffin hotunanku don a kwatanta, mace kuma ta faɗa idan tana da juna biyu. Ku tambayi likita ko hoton ya haɗa da gaɓoɓin ƙugu. Ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, amma magungunan rage kumburi, motsa jiki kullum da barin taba suna sa mutum ya ci gaba da aikinsa, kuma amfaninsu ya fi yawa idan an fara tun ƙashi bai manne ba.