Jek da guduma a but ɗin Jaguar da MG

Wanda ya buɗe but ɗin Jaguar E-Type karo na farko zai iya cewa babu komai a ciki sai shimfiɗa. Sai ya ɗaga katakon da ke ƙasa sannan ya ga safaya taya kwance, tankin mai a gefenta, ga kuma ɗan sararin da ya rage wa jek, guduma da ƙunshin sifanoni. Motar nan da aka fara nunawa a Janeba a watan Maris na 1961, aka kuma riƙa ƙera ta a Coventry ta Ingila, an zana ta ne domin gudu, shi ya sa kowane taƙi na bayanta aka yi masa lissafi. Haka abin yake ga MGB, wadda aka yi ta ƙerawa a Abingdon daga 1962 zuwa 1980, fiye da guda 500,000. Ita tayarta a fili take kwance a but, jek kuwa yana cikin jakarsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a kayan nan shi ne gudumar. Da yawa daga cikin motocin suna da wili mai wayoyi kamar ƙafar keke, kuma noti ɗaya tak ke riƙe da shi a tsakiya, babba, mai kunnuwa biyu. Ba a kwance shi da sifana, dukan kunnen ake yi. Kamfanin Thor na Ingila ya yi suna wajen ƙera gudumar wannan aiki: baki ɗaya tagulla, ɗayan ƙirgi da aka naɗe tam. Dukansu sun fi ƙarfen notin laushi, don haka gudumar ce ke lotsewa, kunnen ya tsira da ƙyallinsa. Zaren notin dama ma ba irin na hagu ba ne, an juya shi domin tafiyar mota ta riƙa ƙara ɗaure shi. A kowane ɓangare, idan za a kwance, saman notin ake bugawa ya nufi gaban mota. Daga 1968 dokar Amurka ta sa aka cire kunnuwan a motocin da ake kaiwa can, sai aka ƙara wata sifana ta musamman da ake ɗorawa a kan notin kafin a buga. Direban da ya yi faci a daji ba tare da waɗannan ba, safayarsa ba ta da amfani.

To, ina za a ajiye su? Nan ne mutane ke sakaci. A jefa jek a but haka kawai, a rufe, a kama hanya. Duk kwanar da aka sha sai ya gangara ya daki bodi daga ciki, kuma lotsawar da ta fito daga ciki takan fasa fenti, gyaranta ya fi kuɗin jek ɗin nesa ba kusa ba. Ga fitilun baya da wayoyinsu a kusa. Babban haɗarin kuwa yana ga masu rufin ƙarfe irin MGB GT ta 1965, inda babu bango tsakanin kaya da mutane. A ce jek kilo 4 ne. Idan aka yi karon da ya ninka nauyin komai sau 20, igiyar da ke riƙe da shi sai ta ɗauki kilo 80. Tsumman da aka cusa a gefensa ba zai iya wannan ba. Ni dai a ganina, a mayar da shi inda kamfani ya tanada, cikin jakarsa, a ɗaure shi da maɗauri mai ƙarfi, ɓangaren mai nauyi yana ƙasa, gudumar kuma a sa ta inda hannu zai fara kaiwa ba sai an sauke akwatunan tafiya duka ba.

Sai maganar danshi. Robar murfin but takan tsufa, ruwa ya shiga ya kwanta a ƙarƙashin taya, jakar tamfol ta tsotse shi ta riƙe. Wata shida ba a buɗe ba, sai a tarar da sifanoni sun yi ja. Shafa musu mai kaɗan da shanya jakar lokaci-lokaci ya wadatar. Masu kai motocinsu gasar nuna tsofaffin motoci sun fi kowa kula da wannan, domin alƙalai kan duba ko kayan aikin na asali ne.

Jek ɗin MGB yana da hannu da ake zurawa cikin wani bututu a ƙarƙashin dokin ƙofa. Wurin nan kuwa shi tsatsa ta fi ci a motar. Idan ya ruɓe, jek na ɗagawa sai a ji ƙarfe yana murƙushewa, taya tana nan a ƙasa. Saboda haka masu tsofaffin motocin da yawa ke riƙe na asalin a jakarsa, su ƙara ɗan ƙaramin jek mai almakashi da guntun katako na dasa shi a ƙasa mai laushi. Shi ma wannan na biyun sai an nema masa maɗaurinsa.