Karaya da ɗori: abin da ke faruwa a cikin hannu bayan an ɗaure shi

A Ƙofar Ran, kamar sauran tsofaffin unguwannin cikin ganuwar Bauchi, idan yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko babur ya kayar da magidanci, abin da ake fara tattaunawa a zaure shi ne inda za a nufa da shi, gidan mai ɗori ko asibiti. Galibi mai ɗori ke rinjaye, domin yana kusa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma an san iyayensa da kakanninsa da wannan sana'a. Asibiti kuwa ana yi masa kallon wurin bin layi da kashe kuɗi, wasu ma suna tsoron a can ake yanke gaɓa. Kafin a yanke shawara irin wannan, ya kamata a san yadda ƙashi da tsoka da gaɓoɓi suke zaune a jiki, domin ƙashin da ya karye ba kasafai yake jawo asarar hannu ba. Tsokar da ke kewaye da shi ce ke mutuwa idan aka hana ta jini.

Baligi yana da ƙasusuwa 206. Jariri kan zo duniya da kimanin 270, wasu su haɗe yayin da yake girma. Fiye da rabin na baligi suna tafin hannu da sawu ne: 27 a kowane hannu daga wuyan hannu zuwa yatsu, 26 a kowace ƙafa. Ƙashin da muka saba gani a mahauta busasshe ne, shi ya sa ake ɗaukarsa kamar itace. A jikin mai rai yana da jini, yana jin zafi, kuma a cikin ɓargonsa ake ƙera ƙwayoyin jini. Gininsa ya yi kama da tubalin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa: sinadarin kalsiyam ke ba shi tauri, wani zare mai danƙo da ake kira kolajin ke hana shi farfashewa. Ƙashin yaro ya fi yawan wannan zare, don haka yakan lanƙwashe ya tsage ta gefe guda kamar ɗanyen kara. Na tsoho yakan ɓalle gaba ɗaya.

Da zarar ƙashi ya karye, jini kan taru ya daskare tsakanin ɓangarorin biyu. Cikin mako biyu zuwa uku wani nama mai kama da guringuntsi ya lulluɓe wurin, sannan ya riƙa taurarewa har ya zama ƙashi cikin mako shida zuwa goma sha biyu, gwargwadon shekarun mutum da ƙashin da abin ya shafa. Daga nan jiki ya yi watanni yana sassaƙe kullutun da ya fito. Ke nan da likita da mai ɗori babu mai haɗa ƙashi a cikinsu. Aikinsu shi ne su daidaita shi, su hana shi motsi. Wannan ne dalilin da ya sa mutane da yawa suka warke sarai a hannun masu ɗori, kuma rashin adalci ne a musanta haka.

Inda ƙashi biyu suka haɗu shi ne gaɓa. Gwiwa da gwiwar hannu suna buɗewa da rufewa kamar ƙyaure, kafaɗa da ƙugu kuwa suna juyawa kamar taɓarya a cikin turmi. Guringuntsi mai santsi ya rufe bakin ƙasusuwan, wani ruwa mai yauƙi yana rage gogayya, jijiyoyi masu ƙarfi suna ɗaure da su. Idan waɗannan jijiyoyi suka miƙe fiye da kima ko suka yage, an yi targaɗe. Idan kan ƙashi ya bar gurbinsa, an yi gocewa. Daga waje duka suna kumbura suna zafi, kuma yatsan mai lalube, kome ƙwarewarsa, ba ya iya tantance tsagewar da ta shiga cikin gaɓa sai da hoton ƙashi. Irin wannan karaya in ta haɗe a karkace, gaɓar kan sandare.

A nan mai fassara yakan gamu da cikas. Kalmar “jijiya” ita kaɗai tana ɗauke da abubuwa huɗu da likita ya bambanta: bututun da jini ke bi, zaren da ke kai saƙon ji da motsi daga ƙwaƙwalwa, igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi irin agara, da wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi. Biyun farko su ne ɗauri ke yi wa illa.

Tsokokin da ke motsa jiki sun haura 600, kuma ja kawai suka iya, ba sa turawa. Saboda haka suke aiki bibbiyu: ta gaban damtse ta naɗe hannu, ta bayansa ta miƙe shi. Manyan tsokokin da ke dunƙule yatsu ba a cikin yatsun suke ba. Suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, suna jan yatsun da dogayen igiyoyi. Duk wanda ya kama wannan wuri ya motsa yatsunsa zai ji suna aiki. Waɗannan tsokoki suna cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗawa, haka ma na sha-raɓa a ƙafa.

Bayan karaya, kumburi kan ci gaba da ƙaruwa har kwana biyu zuwa uku. Idan aka jera karare kewaye da hannu aka tamke da tsumma tun ranar farko, ɗaurin da ya yi daidai da safe zai iya zama maƙura da dare. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya su ne ke fara toshewa saboda taushinsu, alhali masu kawo shi suna ci gaba da turowa. Matsi ya ƙaru a cikin tantanin, har ƙananan hanyoyin da ke ciyar da tsoka su rufe. Tsokar da ta yi kimanin awa shida babu jini ta fara mutuwar da ba ta da gyara. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan tun 1881, kuma ɗauri mai tsanani ya ɗora wa laifin. Tsokar da ta mutu takan ƙanƙance ta ja yatsu su lanƙwashe kamar faratan shaho. In abin ya wuce haka, yatsu su yi baƙi, ruɓa ta hau sama, ba abin da ya rage sai yankewa don a ceci rai. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan wannan masifa, kuma yara ne ta fi faɗa wa. Mai cewa asibiti yanke hannu ake yi ya kan manta kwana nawa hannun ya yi a ɗaure kafin a kai shi.

Karayar da ta fi haɗari ga yara ita ce ta saman gwiwar hannu, wadda ta fi samun 'yan shekara biyar zuwa bakwai idan suka faɗi suka dafa ƙasa. Babbar jijiyar jini ta hannu tana wucewa daidai gaban wurin, kuma bakin ƙashin na iya danne ta tun kafin a ɗaure.

Filastar asibiti ma tana iya maƙure hannu. Shi ya sa a kwanakin farko likitoci kan sa ta a gefe guda kawai, su bar wa kumburi sarari, su ɗaga hannun, su bar yatsu a waje ana dubawa. Alamomin da suke nema kowace uwa za ta iya lura da su: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ihun yaro idan aka miƙe masa yatsu a hankali, yatsu su kumbura, su yi sanyi, su dushe ko su daina ji. Jin bugun jini a wuyan hannu ba ya nuna an tsira. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Cewa yaro ya daure, zafin ɗori ne, ita ce shawarar da ta fi kowace tsada.

Akwai kuma raunukan da bai kamata su biya ta gidan ɗori ba sam: karayar da ƙashi ya huda fata, ta cinya wadda kan zubar da jini fiye da lita guda a ciki ba a gani, ta ƙugu, da duk bugun da ya shafi wuya ko gadon baya, inda juya mutum ba bisa ƙa'ida ba kan iya taɓa laka ya shanye ƙafafu. Mazauna Bauchi suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959.

Hana sana'ar ɗori ba abu ne mai yiwuwa ba, kuma ba lallai ne ya zama alheri ba a ƙasar da likitocin ƙashi suka yi ƙaranci. A kudancin Habasha an gwada wata hanya: aka tara masu ɗori aka koya musu haɗarin tamke ɗauri da irin karayar da ya kamata su tura asibiti, kuma rahoton da aka buga a 2005 ya nuna yawan gaɓoɓin da ake yankewa a yankin ya ragu bayan horon.