Wa zai tsaya maka ranar da ba ka iya magana?

Wasiyya kowa ya san ta. Dattijo yakan kira ɗiyansa da malami, ya faɗi bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya ware abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba domin sadaka. Amma wasiyya ba ta aiki sai rai ya fita. Wakilci kuma na mai hankali ne: ka aiki ƙanenka ya sayar maka da sa a kasuwa, kana nan, kana iya tsai da shi. Malaman fiƙihu da yawa sun tafi a kan cewa wakilci yana warwarewa in hankalin wanda ya wakilta ya gushe. To, tsakanin waɗannan biyu akwai lokacin da ba mu cika yi wa shiri ba: mutum yana da rai, amma haɗarin mota, ko hawan jini, ko gigin tsufa ya hana shi cewa i ko a'a. A yi masa aiki ko kada a yi? Ya zauna likita ko a mai da shi gida? Wajen wa zai zauna?

Abin da ya faru ga wani gida a ƙasar Faransa ya isa misali. Ran 29 ga Satumba 2008, wani ma'aikacin jinya mai suna Vincent Lambert, ɗan shekara 32, ya yi haɗari a kan hanya. Ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ƙwarai, jikinsa ya shanye, aka kwantar da shi a babbar likitar birnin Reims, ana ba shi abinci da ruwa ta tiyo. Bai bar takarda ba, bai kuma naɗa kowa ba.

Cikin 2013 lokotoro suka ga babu alamar samun sauƙi, suka tsai da ciyarwar da yardar matarsa, wadda ta ce tun yana lafiya ya faɗa mata ba ya son a riƙe shi cikin irin wannan hali. Uwayensa ba a shawarce su ba. Da suka ji, suka kai ƙara, kotu ta ce a mai da abinci, bayan kwana 31. Daga nan gida ya rabu biyu: mata da mafi yawan ƴan uwansa gefe guda, uwa da uba da ƴan uwa biyu gefe guda. Shari'a ta kai Majalisar Ƙasa mai duba ƙararrakin hukuma a 2014, ta kai kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 2015, a 2016 alƙali ya naɗa matar waliyyiyarsa, duk da haka rigima ba ta kwanta ba. Ran 20 ga Mayu 2019 an tsai da ciyarwa da safe, da dare wata kotun Paris ta ce a koma. Ya rasu ran 11 ga Yuli 2019, bayan kusan shekara 11 a kwance.

Ba mu kawo wannan labari domin mu ce wane ya yi daidai ba. Maganar tsai da magani ga mai rai magana ce mai nauyi, ta malamai da lokotoro. Abin lura shi ne, kowane ɓangare yana cewa da bakin maras lafiya yake magana, alhali shi bai ba kowa bakinsa ba.

Kuma dama tana nan. Tun dokar 4 ga Maris 2002, duk baligi a Faransa yana iya rubuta sunan amintaccensa, ko dangi, ko aboki, ko lokotoron gidansa, wanda za a nemi shawararsa in shi ya kasa magana. Yana iya sake shi duk ranar da ya so. Dokar 2005 ta ba mutum damar rubuta abin da yake so a yi masa a ƙarshen rai. Dokar 2 ga Fabrairu 2016 ta ƙarfafa su duka biyu: takardar ta zama wajibi lokotoro ya bi ta, sai a wasu halaye kaɗan, shaidar amintacce kuma ta rinjayi ta kowa cikin dangi. Akwai kuma wakilcin gaba, na dokar 5 ga Maris 2007, wanda ya fara aiki a 2009. A nan mutum yana zaɓen wanda zai kula da lafiyarsa, da mazauninsa, har da dukiyarsa in ya so. Takardar tana barci cikin akwati, ba ta tashi sai lokotoron da hukumar shari'a ta amince da shi ya shaida cewa mai ita ba ya iya riƙon kansa.

Wani zai ce, wannan sha'anin Turawa ne, mu muna da dangi. Gaskiya ne muna da dangi, kuma a nan Nijar kotuna da al'ada suke aiki cikin al'amuran iyali. Amma Lambert ma ba dangi ya rasa ba, yawansu ne ya kai shi kotu. Duk wanda ya taɓa jinya a babbar likita ya ga irin wannan: lokotoro yana neman wanda zai sa hannu a yi aiki, babban ɗa yana cin rani a Abijan ko Legas, baffa yana cewa a koma gida wajen mai magani, uwargida da ta kwana arba'in a bakin gado ba wanda ya tambaye ta. Kafin baki ya zo ɗaya, yini biyu sun wuce.

Taron dangi mun iya shi, amma sai bayan rasuwa, domin gado. Mi zai hana maigida, ko uwargida, ya kira irin wannan taro tun da ƙafarsa? Ya faɗi sunan wanda ya zaɓa gaban liman ko mai gari da shaidu biyu, a rubuta da boko ko da ajami, wanda aka zaɓa ya ce ya yarda. Takarda irin wannan ba ta ɗaure hannun alƙali, amma shaida ce da ke da wuyar musu. A ganinmu ba dole ne ya zama babban ɗa ba. A duba wanda yake kusa, wanda yake iya tsayawa gaban lokotoro ya yi tambaya, wanda zai faɗi abin da kai kake so ko da shi ba haka yake so ba. Sau da yawa wannan ɗiya mace ce, ko mata. In ana gudun zargi, mai kula da jinya daban, mai riƙe kuɗi daban.

Sa'an nan a gaya masa magana filla-filla, kada a bar shi da zato: ko ka yarda a yi maka aiki, ko a sayar da gona domin magani ko kada a taɓa ta, da ɗakin da kake so a kwantar da kai in lokotoro ya ce a koma gida.