Dabino A Tukunya Bisa Soro

Mai karatu ya sani fatake da alhazai da yawa sukan komo da sha'awar dasa dabino a tukunya bisa soro, yadda suka gani a biranen Larabawa. Abin yana da kyau, amma yana da sharuɗɗa, wanda ya bar su kuwa yakan yi hasarar icce, wani lokaci har da rufin ɗaki.

Sharaɗi na farko shi ne nauyi. Rabin duro mai cin lita 100, in an cika shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, yakan kai kilo 150, watau buhu ɗaya da rabi na gero. Rufin azara ba ya jure wannan, balle ga danshi kullum. Sai bisa rufin kankare, a kusurwa, inda bango ke ɗauke da nauyin, kusa da indararo domin ruwa ya sami mafita.

Na biyu iska. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga arewa maso gabas, yana shanye danshin ganye har bakinsa ya ƙone. Wadda ta fi ta haɗari ita ce guguwar farkon damina mai tasowa daga gabas, domin ganyen dabino yakan tare iska, tukunya ta kife, in ba a yi sa'a ba ta faɗa kan mai wucewa. Saboda haka a zaɓi tukunya mai faɗin gindi, a ɗaure ta da igiya a jikin rawanin soro, a kuma kafa zana ta ɓangaren iska. Zana ta fi kwano, gama tana rage ƙarfin iska ba tare da ita kanta ta tashi ba.

Na uku ƙasa da ruwa. A huda gindin tukunya, a gauraya yashi da ruɓaɓɓen taki. Larabawa kan ce dabino yana son ƙafarsa cikin ruwa, kansa cikin wuta, amma ruwan da ya kwanta a tukunya yana ruɓar da saiwa. A shayar sosai, a dakata sai saman ƙasa ya bushe.

A kiyaye tsakiyar kansa. Dabino tsiro ɗaya gare shi, in ya karye iccen ya mutu. Kada a sare ganye sai wanda ya bushe.

Mai fatan 'ya'ya kuma ya sani dabino akwai namiji akwai mace, ƙwallo kuwa ba ya nuna wanne zai fito. Don haka manoman Ingal da Bilma suke dasa ɗan da ya tsiro a gindin uwa. Ko shi ma a tukunya ba ya yin 'ya'yan kirki. Idan saiwa ta cika tukunya ta fara leƙowa ta huda, lokacin sauko da shi ƙasa ya yi. Haza wasalam.