Tsara jirgi mai ganguna domin kamun kifi da kwana

'Yan'uwa masunta, wannan jirgi daɓen katako ne da ake shimfiɗawa a kan layi biyu na rufaffun ganguna. Ganga mai cin lita 200 tana ɗaukar ƙasa kaɗan da kilo 200 kafin ta nutse, saboda haka muna ba da shawara a tsaya a rabin wannan nauyi.

Mu dai mun fi son a bar goshin jirgin fili, babu kujeru, domin jefa birgi. Rumfar kwana da gidan sauro da kaya masu nauyi su zauna a tsakiya, gama idan nauyi ya taru a gaba, igiyar ruwa za ta hau daɓen. Man inji a ajiye shi a baya. Girki kuwa sai a gaɓa, kada a hura wuta cikin jirgi.