Taron Neman Sabbin Dabaru: Dalilin da Ya Sa Ake Fara Shi Daga Bakin Abokin Ciniki

Duk wanda ya saba halartar tarukan bita a ƙasar nan ya san yadda akasarinsu ke gudana. A kama zaure, a rataye ƙyalle mai ɗauke da taken taro, babban baƙo ya yi jawabi, masani ya gabatar da maƙala, a ci abinci, a raba takardar shaida, a watse. Bayan wata guda, idan aka tambayi mai sayen kayan kamfanin, ko mai zuwa neman hidima a ma'aikatar, ko ya ga wani canji, da wuya ya nuna ko ɗaya. Dalilin a fili yake: an yi taron a kansa, amma ba a ji ta bakinsa ba.

Akwai wani nau'in taro da aka tsara domin toshe wannan giɓi, wato taron neman sabbin dabaru. Zama ne na yini ɗaya ko biyu, inda mutane kaɗan ke ɗaukar matsala guda da ke damun abokin ciniki, su fito da hanyoyi masu yawa na magance ta, su tace su, sannan su zaɓi biyu ko uku da za a gwada nan take.

Me ya sa batun ya shafi Keffi?

Keffi na da nisan kimanin kilomita 50 daga Abuja, kuma wannan kusanci ya tara mata masu saye iri-iri. Akwai ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa, wadda ta fara aiki a 2002. Akwai majinyata da masu jinya da ke zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Akwai ma'aikatan da ke kwana a garin, su yi sammako su bi ta Masaka da Mararaba da Nyanya zuwa wuraren aikinsu a babban birnin tarayya. Ga kuma manoman doya da rogo da riɗi da ke shigowa daga ƙauyuka.

Kowane rukuni da lokacinsa, da ƙarfin aljihunsa, da abin da ke ɓata masa rai. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai saye ya ƙara lissafi a kan kowace naira, kuma wanda bai gamsu a Keffi ba yana iya yin sayayyarsa a hanyar dawowa daga Abuja. Ɗan kasuwar da ya dogara da zato kaɗai, jarinsa ne ke cikin haɗari.

Haka abin yake a ofisoshin gwamnati. Tun a watan Maris na 2004 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin SERVICOM, wanda ya ɗora wa hukumominta nauyin yi wa jama'a hidima yadda ya kamata. Hukumar da ba ta san inda mai zuwa wurinta yake wahala ba, ba za ta iya sauke wannan nauyi ba.

Aiki na farko: a fita a saurara

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka mako ɗaya ko biyu kafin taro, a ɗora wa kowane mahalarci ya gana da abokan ciniki uku zuwa biyar a inda suke, ya kalli yadda suke saye da yadda suke amfani da kayan. Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda ta shafi abin da ya riga ya faru, kamar: yaushe ka saya na ƙarshe, me ya ba ka wahala a ranar? Idan aka tambayi mutum ko zai sayi sabon abu, kunya kan sa ya amsa da e, ko da ba shi da niyya. Ya kamata kuma a nemi waɗanda suka daina saye, domin a wurinsu ake jin abin da masu yabo ba sa faɗa.

A ɗauka wani gidan burodi ne a Keffi cinikinsa ya ja baya, mai gidan kuma yana ganin tsada ce ta kori jama'a. Da yaransa suka zagaya, sai mai shayi a tasha ya ce burodin na iso masa da ƙarfe bakwai, alhali masu tafiya Abuja sun wuce tun kafin shida. Ɗaliba a unguwar da ke kusa da jami'a ta ce babban burodi ya fi ƙarfinta, kuma yakan bushe kafin ta cinye. Waɗannan bayanai biyu sun riga sun canja abin da za a tattauna.

Irin wannan lura ce ta haifar da wasu dabarun da suka yi suna. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jihar Jigawa, ya ga yadda kayan lambu ke ruɓewa a hannun manoman da ba su da wutar lantarki. Sai ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan na tashi yana sanyaya abin da ke ciki. Aikin ya kai shi ga samun kyautar Rolex a shekarar 2000. Haka nan madarar Cowbell, wadda ta shigo kasuwar Najeriya a 1993, ta samu karɓuwa ne saboda an ƙulla ta a ƙananan leda daidai kuɗin wanda ba zai iya sayen gwangwani ba.

Tsara tambaya da zaɓen mahalarta

A safiyar taro, kowa ya karanto abin da ya ji, a rubuta a manyan takardu, a manna a bango. Daga nan sai a tono tushen matsalar. Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya shahara da wata hanya mai sauƙi: a tambayi "me ya sa?" har sau biyar a jere. Me ya sa burodi ke makara? Saboda mota ɗaya ce ke rabo. Me ya sa take fara wa da cikin gari? Saboda haka aka saba tun kafin masu sammako su yi yawa. A ƙarshe sai a rubuta tambaya guda da taron zai amsa, misali: ta yaya burodi zai isa hannun mai shayi kafin motocin farko su tashi?

Mahalarta kada su wuce shida zuwa goma. A haɗa mai gidan da mai gashi, da direba, da mai karɓar kuɗi, da abokan ciniki biyu ko uku. Mai jagorantar zaman ya kasance wanda ba shi ne shugaba ba, aikinsa kula da lokaci da tabbatar da cewa kowa ya samu dama. A yi magana da harshen da kowa ke ji, Hausa ko Turanci ko gaurayensu, domin Keffi gari ne na ƙabilu da yawa.

Rubutu kafin magana

Wani Ba'amurke mai sana'ar talla, Alex Osborn, shi ya yaɗa tsarin tara mutane su yi ta jefo shawarwari ba tare da suka ba, musamman a littafinsa na 1953. Ƙa'idojinsa su ne a jinkirta hukunci, a nemi yawa, a karɓi shawara komai baƙuntarta, a kuma ɗora a kan ta wani. Sai dai binciken da aka yi a Jami'ar Yale a 1958 ya nuna cewa mutanen da suka yi tunani ɗaiɗai, aka haɗa abin da suka samo, sun fi waɗanda suka zauna tare yawan shawarwari. A 1987 masana biyu a Jamus, Michael Diehl da Wolfgang Stroebe, suka gano babban dalilin: mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, masu jira kuma sukan manta abin da ke ransu ko su fasa faɗa.

A wurinmu akwai ƙarin dalili. Tarbiyyarmu ta hana yaro ya tsoma baki bayan babba ya yanke magana, mace kuma takan ja baya a zauren da maza suka cika. Amma direba da mai karɓar kuɗi su ne ke jin ƙorafin jama'a kullum. Maganin shi ne kowa ya fara rubuta nasa shiru, ba tare da sa suna ba, shugaba kuma ya yi magana a ƙarshe.

Akwai tsari da wani Bajamushe, Bernd Rohrbach, ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1960, ana kiransa 6-3-5. Mutum shida ne, kowa ya rubuta shawara uku cikin minti biyar, ya miƙa takardar ga na kusa da shi domin ya ɗora a kai. Bayan zagaye shida, wato minti 30, ana iya samun shawarwari har 108. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya yi zane, ko a ba shi mai rubuta masa.

Tacewa da gwaji

Da rana sai a haɗa shawarwarin da suka yi kama da juna, a auna kowace da tambayoyi uku. Shin ta magance abin da abokin ciniki ya faɗa da bakinsa? Shin za a iya gwada ta cikin mako biyu? Shin kuɗin gwajin ba zai girgiza jari ba idan ta gaza? A ba abokan cinikin da ke zauren damar fara jefa ƙuri'a.

Gwajin ya zama ƙarami. Gidan burodin nan ba ya buƙatar sayen sabuwar mota. Ya isa ya ɗauki ɗan acaɓa ɗaya ya kai wa masu shayi biyar kaya da asuba na tsawon kwana goma, ya kuma gasa ƙaramin burodi tire biyu a kai unguwar ɗalibai, a riƙa rubuta nawa aka sayar, nawa aka dawo da shi.

Gwaji yakan nuna abin da babu wanda ya zata a zaure. Tsarin M-Pesa na ƙasar Kenya an fara gwada shi ne a 2005 a matsayin hanyar biyan bashin ƙananan 'yan kasuwa ta wayar salula. Masu shirin suka lura cewa jama'a na amfani da shi wajen aika wa juna kuɗi, sai suka juya akalarsa zuwa can kafin kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007.

Bayan an tashi

A nan ne tarurruka da dama ke mutuwa. Kafin a watse, kowace dabara da aka zaɓa ta samu mutum ɗaya da zai ɗauki nauyinta, da ranar farawa, da kuɗin da aka ware, da abin da za a ƙirga domin a san ta yi ko ba ta yi ba. A sa ranar sake haɗuwa bayan mako biyu ko uku. A kuma koma wa abokan cinikin da aka yi hira da su, a gaya musu abin da aka yi da maganarsu, domin wanda ya ga an yi aiki da shawararsa zai sake bayarwa.

Irin wannan zama ba ya buƙatar otal ko alawus. Aji ɗaya, da takardu, da alƙaluma, da agogo sun wadatar. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu a Keffi na iya shirya shi ga mambobinsu, ɗaliban jami'a da ke karatun dabarun kasuwanci kuma su taimaka da zagayen jin ta bakin masu saye, su samu horo a aikace, 'yan kasuwa su samu bayanan da ba su da lokacin tattarawa. Ma'aunin nasarar taron shi ne abin da mai shayi a tasha zai faɗa bayan kwana goma, idan aka tambaye shi ƙarfe nawa burodi ya iso.